Guntun Zarto da Kabad ɗin Kakanmu

A wannan wata muna roƙon ku ba mu aron hankalinku a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda faɗinsa bai wuce milimita 7 ba, amma ya sa muka yi wata takwas muna kai da kawowa tsakanin Sokode da Dapango, ya ci mana kuɗi, ya kusa haɗa mu rigima da yayanmu, daga ƙarshe kuma ya kai mu ga neman gafarar wani yaro da muka koyar tun shekarar 2010. Mai karatu zai ce wane irin abu ne wannan? To, a yi haƙuri a biyo mu sannu a hankali, domin labarin yana da tushe.

Duk wanda ya san Sokode ya san Didawure, unguwar da fatake suka kafa tun zamanin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina, ya biyo ta Jugu, ya ratsa ƙasar Kotokoli ya nufi Salaga ta Gwanja neman goro. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka sauke kaya a nan ba su sake ɗauka ba. Da Jamusawa suka kafa barikinsu a Sokode gab da ƙarshen ƙarni na 19, sai suka duƙufa ga dashen itatuwa, kuma a hannunsu ne icen tek, wanda asalinsa na ƙasashen Indiya da Bama ne, ya shigo Togo a 1905. Jamusawa sun tafi a 1914, Faransawa suka gaje su har zuwa 1960, amma shi tek ya zauna ya zama ɗan gari, har yau kuwa da shi kafintocinmu ke alfahari.

Da wannan icen ne kakanmu, wanda falke ne kuma malami, ya sa aka yi masa kabad na ajiye littattafai 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai. Tsayinsa ya ɗara na mutum kaɗan, yana da ƙyaure biyu. A cikinsa akwai Ahalari da Ishmawi da Risala, wasu bugun Misira, wasu rubutun hannu cikin gafaka, har da wani ɗan littafi inda ya riƙa rubuta ranakun haihuwar 'ya'yansa da jikokinsa da ajami. Kowane ƙyaure an yi masa firam, sa'an nan a tsakiya aka jera fallayen katako huɗu a tsaye, kowane falle da harshe a gefe ɗaya da tsagi a ɗaya gefen, suna shiga cikin juna. A bakin kowane falle kuwa, daga sama har ƙasa, akwai wani ɗan tudu mai santsi, kamar a ce an tsaga siririn kara gida biyu an kwantar da shi, da ɗan kwarmi siriri yana biye da shi. Wannan ado shi ne kafintocinmu ke kira bageti da bakin Faransanci. Muna yara mun sha bin sa da yatsa muna jiran Malam ya gama lazimi ya buɗe mana, amma ba mu taɓa tambayar amfaninsa ba.

A watan Agusta na 2023 muka zo gida babban hutu daga Dapango, inda muke koyarwa a makarantar firamare. Innarmu ta ce tana jin wani ɗan motsi a ɗakin Malam da dare. Da muka janye kabad daga jikin bango sai muka tarar gara ta hau ta baya, ta shiga ƙyauren hagu ta cinye falle biyu, har yatsa yana nutsewa a cikinsu kamar cikin gurasa. Allah ya kiyaye ba ta kai ga littattafai ba. Abin mamaki, sauran fallaye shida ko ƙwarzane babu. Daga baya ne muka fahimci dalili: zuciyar icen tek tana da wani mai wanda gara ba ta so, amma farin da ke kusa da ɓawo ba shi da wannan kariya, waɗannan biyun kuwa da farin a jikinsu aka yanko su.

A daren nan aka yi taron gida. Yayanmu, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, ya ce a fitar da kabad a sayo na gilashi da alminiyom irin wanda ya cika kasuwa, gara ba ta cin sa, kuma ana ganin littattafai daga waje. Maganarsa ba ta rasa hujja ba. Mu kuwa muka ce a gyara, muka ɗauki alkawarin kuɗin daga aljihunmu, har muka yi cika baki cewa a Dapango mun san wani shago mai injuna wanda zai gama aikin cikin yini ɗaya. Yaya ya ce, "To, ɗan boko, mun ba ka zuwa ƙaramar Sallah. In ba ka maido shi yadda yake ba, za a yi yadda na ce." Innarmu ba ta ce uffan ba, sai dai mun ga tana share ido da bakin mayafi, domin ita ce ta shekara 40 tana goge wannan kabad.

Muka kwance ƙyauren muka naɗe shi cikin tabarma, muka ɗora a kan mota muka bi babbar hanya ta Kara da Mango, tafiyar kusan kilomita 300. Mai shagon ya karɓe mu hannu biyu. Yana da injin da suke kira tupi, wanda ke juya wuƙa da gudun tsiya, a tura katako ta gefensa ya fito da ado cikin ƙiftawar ido. Ya dubi bagetinmu ya ce wannan ai wasa ne. Ya yanko falle biyu daga sabon katako, ya ɗaura wuƙar da yake da ita, ya tura, ya shafa gam ya buga ƙusa. Da aka tayar da ƙyauren sai muka ga sababbin bageti sun fi tsofaffin kauri, sun yi ɓul-ɓul kamar yatsun da suka kumbura. Muka yi magana, ya ce wuƙaƙensa na milimita 6 ne da 8 da 10, kuma ta 10 ce kaɗai ke da kaifi a ranar. Sa'an nan ya kawo shawara: a kwance sauran fallaye shida, har da na ɗaya ƙyauren, a bi da su ta cikin injin, duk su zama iri ɗaya, ba mai ganewa.

Jama'a, ba za mu ɓoye muku ba, mun yarda. Har ya ɗauko guduma zai fara da falle biyun da ke gabansa sai wutar lantarki ta ɗauke, aka ce mu dawo gobe. A daren nan barci ya ƙaurace mana. Muka yi ta tunanin cewa saboda falle biyu da suka lalace muna shirin aske shida masu lafiya, waɗanda suka shekara fiye da 60 ba su yi wa kowa laifi ba. Da gari ya waye muka je muka biya kuɗin aiki muka ɗauko kayanmu. Ƙyauren ya zauna a ɗakinmu jingine da bango. Da hunturu ya kama a watan Disamba, iskar Dapango kuwa ta fi ta Sokode bushewa nesa ba kusa ba, sai wata rana da dare muka ji ƙara kamar an karya kara. Ɗaya daga cikin sababbin fallayen ya tsage tun daga sama har tsakiya, ɗayan kuma ya kantare ya buɗe baki har haske yana ratsawa.

Da hutun ƙarshen shekara muka sake naɗe shi muka komo Didawure, kunya kamar ta kashe mu. Innarmu ce ta ce a kai wa wani tsohon kafinta da ke da rumfa a can bayan unguwa, wanda mu a namu tunanin ya daɗe da barin aiki. Muka tarar da shi zaune a kan benci, shekarunsa sun kusa 80, idonsa ya yi rauni. Bayan gaisuwa ya sa aka kwantar da ƙyauren a gabansa, ya rufe ido ya bi tsohon bagetin da babban yatsa, kana ya bi sabon, ya yi murmushi. Ya ce tsohon da rabo aka yi shi, wato magogin katako na hannu, irin wanda bakinsa ke da siffar adon, kuma maigidansa da ya koya masa aiki yana da irinsa, amma ya ɓace tun da daɗewa. Sai ya tambaye mu, "Malam, kai da kake koyar da yara, ka san don me ake yin wannan abu?" Muka ce don ado ne, Baba. Ya ce wannan rabin amsa ce.

Ga bayanin da ya yi mana, mun kuwa same shi daidai da abin da ke cikin littattafan kimiyya. Katako ko ya shekara ɗari yana shan laima daga iska da damina ya kumbura, da hunturu kuma ya saki ya motse. Ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kuwa kusan babu. Falle mai faɗin santimita 10 yana iya motsewa da milimita ɗaya ko fiye tsakanin Agusta da Janairu. Saboda haka tilas mahaɗar falle da falle ta buɗe da rani, ba kafintan da ya isa ya hana. Dabarar magabata ita ce su sa wannan ɗan tudu daidai bakin mahaɗa, da kwarmi a ɗaya gefensa. Idan mahaɗa ta buɗe, ido zai ga inuwa biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu da tudun, sai ya ɗauka duk ado ne. Daɗin daɗawa, baki mai zagaye ba ya saurin ɓantarewa kamar mai kaifi. Don haka ne ma ba a shafa wa irin waɗannan fallaye gam, ba a kuma kafe su da ƙusa, ana barin su su yi motsinsu cikin firam. Na Dapango an yi su da ɗanyen katako, an kuma ɗaure su tam, da suka nemi motsewa suka rasa hanya sai suka tsage.

Muka ce to yanzu ina mafita tunda rabon ya ɓace? Ya ce idonsa ba zai iya ba, amma yaronsa zai iya. Ya ƙwala kira, sai ga wani saurayi ya fito daga bayan rumfa, garin katako har cikin gashin ido. Yana ganinmu ya durƙusa ya ce, "Metir, barkanku da zuwa." Gabanmu ya faɗi, domin mun gane shi.

A nan sai mun koma baya kaɗan. A 2010 muna koyar da ajin ƙarshe na firamare a nan Sokode, yara fiye da 70 a aji ɗaya, kowa idonsa a kan jarrabawar CEPD. Wannan yaro yana maimaita ajin, kuma lissafi ya ƙi shiga kansa. Wata rana muna raba takardun gwaji, muka ga ya sake cin biyu bisa ashirin, haushi ya kama mu, muka ɗaga takardar a gaban aji muka ce, "Kai ba ka da kan boko, tafi ka nemi zarto." Aji ya fashe da dariya. Tun daga ranar yara suka laƙaba masa suna Mai Zarto, bai kuwa ƙarasa shekarar ba ya daina zuwa. A makarantar horon malamai an koya mana cewa ba a kunyata yaro a gaban 'yan uwansa, mun rubuta wannan a jarrabawa mun ci, amma ranar da ya kamata mu yi aiki da shi sai muka manta. Bayan an yi mana canjin wurin aiki zuwa arewa ba mu sake tuna shi ba, sai ga shi yau ƙyauren kakanmu yana hannunsa.

Bai nuna mana komai a fuska ba. Ya duba aikin ya ce abu na farko shi ne katako. Ba zai yi da sabo ba, domin yawancin tek da ke kasuwa yanzu ƙanana ake sarewa, fari ya yi musu yawa. Baba ya sa baki ya ce da can akwai madobiya ma a dajin nan, amma aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin har sai da gwamnati ta dakatar da saranta da fitar da ita a 2016. Kwana uku yaron yana yawo, ya samo wani tsohon ƙyauren tek daga gidan da aka rushe, ya yanko falle biyu daga zuciyarsa, ya goge su, ya ce a kai su ɗakin Malam a jingine kusa da kabad su sha iskar ɗakin, sai mun dawo hutu na gaba. Muka ce ba za a yi yanzu a huta ba? Ya ce, "Metir, ku yi haƙuri, sauri ne ya kawo mu nan."

Muka dawo a ƙarshen Maris na 2024, cikin watan azumi, saura kwanaki kaɗan wa'adin Yaya ya cika. A wannan karo muka zauna a rumfar tun daga farko har ƙarshe, kuma ga yadda aikin ya gudana, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Da farko ya nemi wurin da bagetin bai sha hannu ba, can sama kusa da firam, domin na tsakiya yatsun jikoki sun side shi. Ya kankare tsohon man sheƙi da guntun gilashi a hankali, ya ce shafe-shafen shekaru yana cike kwarmi ya ƙara wa tudu ƙiba, wanda ya auna a kansa ya auna ƙarya. Sa'an nan ya ɗauko guntun ɗaya daga cikin fallayen da gara ta ci, wanda Allah ya sa innarmu ta adana, ya yanko ɗan siririn yanki ta gicciye daga inda ya rage da lafiya, sai ga siffar adon ta fito sarai kamar an zana. Ya auna: faɗin tudu milimita 7, kwarmi ɗaya da rabi. Ya kuma nuna mana cewa tudun bai cika rabin da'ira ba, ya ɗan kwanta ta gefen kwarmi, wanda ke nuna yadda mai rabon ya riƙa wasa ƙarfensa. Babu wuƙar inji ta kanti da za ta ba da wannan.

Daga nan ya jawo wani mataccen zarto daga ƙarƙashin teburi, ya karyo guntu kamar faɗin yatsa biyu. Ya kunna kyandir ya baƙanta ƙarfen da hayaƙi, ya ɗora yankin katakon nan a bakinsa, ya bi gefensa da tsinin allura, siffar ta fito fara a kan baƙi. Ya ce mana, "Abin da yake tudu a katako, rami ne a ƙarfe, abin da yake rami kuma haƙori ne, kamar hatimi." Ya ɗaure ƙarfen ya shiga ci da magagari mai siffar fensir, irin wanda ake wasa haƙoran injin sare itace da shi, kana ya gyara haƙorin da ƙaramin magagari mai faɗi. Bayan kowane ɗan ci sai ya kwance, ya kifa ƙarfen a kan tsohon bagetin, ya ɗaga su sama ya duba ta hasken rana. Duk inda haske ya ratsa, da sauran aiki. Mun ƙirga ya yi haka sau 11 kafin hasken ya ɗauke. Bai yi wa bakin ƙarfen gangare irin na wuƙa ba, a tsaye ya bar shi, sai dai ya goge fuskokinsa biyu a kan dutsen wasawa har gefen ya yi kaifi, don ya riƙa kankara gaba da baya.

Sai mariƙi. Ya samo guntun katako mai tauri kamar tsawon tafin hannu, ya yanke shi ya yi masa kafaɗa kamar harafin L, ya tsaga shi ta tsawo da zarto, ya zura ƙarfen cikin tsagin ya matse da sukuru biyu, haƙorin ya leƙo kaɗan. Kafaɗar ita ke bin gefen falle don kada layi ya karkace. Ya fara gwadawa a kan wani yanki na banza, ya kara shi da tsohon, ya ɗan matsar da ƙarfen, ya sake gwadawa. Da ya gamsu sai ya ɗaure fallen gaske, ya riƙe mariƙin da hannu biyu, ya ɗan kwantar da shi ta inda yake turawa, ya shiga kankara da sauƙin hannu, yana bin jijiyar katako. Inda jijiya ta juya sai shi ma ya juyo ta ɗaya ɓangaren. Abin da ke zubowa gari ne da 'yan siraran zare. Sau biyu ya tsaya ya sake wasa ƙarfen, domin tek yana da wani yashi a jikinsa mai dakushe kaifi. Da ƙarfen ya daina ci da kansa, ya ce an kai. Ya goge tudun da dunƙulen ɓawon katako maimakon samfefa, wadda ya ce tana kashe kaifin kwarmi. Gyaran ƙarfe ya ci awa biyu, kankarar falle biyu kuwa ba ta kai awa ɗaya ba.

Da muka koma ga littattafai daga baya sai muka tarar wannan kayan aiki sananne ne a duniya. Faransawa suna kiransa tarabisko, kafintocin Turai sun daɗe suna yin nasu da guntun zarto kamar yadda aka yi a gabanmu, har kamfanin Stanley na Amurka ya fara sayar da irinsa na ƙarfe a 1886. Masu gyaran tsofaffin kayan katako a can har yanzu da shi suke maido da adon da ba a samun wuƙarsa. Kada kuma a ce muna zagin inji. Mai son bageti mita 200 na sabon gini, tupi ce abokiyar tafiyarsa, kuma ana iya wasa mata wuƙa ta musamman in aikin ya kai a kashe kuɗin. Kuskurenmu shi ne mun kai aikin gyara inda ake aikin yawa, inda dole tsohon abu ya bi abin da ke cikin akwatin mai inji. A rumfar Baba kuwa tsohon abu ne ya ba da umarni, aka ƙera ƙarfe a kansa.

Ana jibi Sallah aka mayar da ƙyauren. Yaya ya zo ya tsaya, ya duba, ya shafa, ya ce a nuna masa sababbin. Muka ce ya nemo da kansa. Ya nuna ɗaya daidai saboda launinsa bai gama duhu ba, na biyun kuwa ya nuna tsoho. Ya yi dariya ya ce magana ta ƙare. Innarmu ta sa wa yaron albarka har muryarta ta shaƙe.

Da muka raka shi ƙofar gida sai muka tsayar da shi, muka ce masa maganar da muka faɗa masa a 2010 kuskure ce, mun zalunce shi, muna roƙon ya yafe mana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Metir, ai aikena kuka yi, na kuwa je na samo." Muka yi dariya tare. Amma da ya ɗan yi shiru sai ya ƙara da cewa maganar ba ta dame shi kamar dariyar aji ba, ya shekara biyu ba ya bin hanyar makarantar. Ya ce ya yafe. Ya kuma gaya mana cewa ya yi shekara huɗu yana koyo, ya ci jarrabawar kammala koyon sana'a, kuma lissafin kashi da na da'ira a kan teburin Baba ya gane su, domin a can in ka yi kuskuren milimita ɗaya kana ganinsa da idonka. A cikin su shida da suka fara koyo tare, shi kaɗai ya rage, sauran sun koma tuƙa zemijan, sana'ar da ta bazu a Togo tun yajin aikin gama-gari na 1992 zuwa 1993, domin ita a ranar ake ganin kuɗinta. Ba mu ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran shekara huɗu.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwanmu malaman makaranta, mu da muke riƙe da alli: mu daina mayar da sana'ar hannu abin tsoratar da yaro. Duk ranar da muka ce wa ɗalibi zai ƙare a kafinta ko a maƙera, muna koya wa yara 70 raina aikin da gidajenmu ke tsaye a kansa, sa'an nan mu dawo muna kukan babu ƙwararru. Iyaye kuma, idan yaro ya shiga koyon sana'a a taimaka masa da abin kashewa har ya kammala, kada yunwa ta kore shi. Masu tsofaffin ƙofofi da akwatuna da kabad a gidajen Didawure, kafin ku fasa su ku hura wuta, ku kai wa masu sani su duba, kuma ko guntun da ya lalace kada ku yar, domin daga jikinsa ake ɗaukar siffa. A namu ɓangaren, yankin katakon nan da aka yanko ta gicciye yana cikin jakarmu a Dapango, da shi muke fara darasin da'ira, kuma mun riga mun kai 'yan ajinmu rumfar wani kafinta sau biyu su ga yadda ake awo.

Shi kuwa guntun zarton, yaron ya ƙi karɓar kuɗinsa. Ya naɗe shi cikin tsumma mai ɗan mai, ya ce a ajiye a cikin kabad, domin ba ya da amfani a kan wani katako sai wannan, kuma wata rana wani zai buƙace shi. Mun sa shi a gefen littafin haihuwa na Malam, da 'yar takarda mai bayanin yadda ake aiki da shi, da boko da ajami. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya kuma kiyaye harsunanmu a gaban yara, amin. Sai wani watan in Allah ya kai mu.